Norkozi Ota, Mai Binne Rumman

Da zarar an tsinke rumman na ƙarshe, ganye ya fara zuba, za ka ji ƙarar shebur ɗin Norkozi ota, wato baba Norkozi a harshenmu, a bayan katangar wani tun shayin safe bai huce ba. Ya ɗaure ƙugu, ya ja hula har kunne, yana aiki yana mita shi kaɗai. Zai tattara rassan bishiya ya ɗaure, ya lanƙwasa ta a hankali har ta kwanta, ya danne da gwiwa, ya rufe ta da ƙasa. Duk rumman ɗin da aka bari a tsaye a ƙauyenmu, sanyin hunturu ƙone shi yake yi ƙurmus. Tun da samari suka kwashe zuwa Rasha neman aiki, lambunan tsofaffi da na matan da aka bari su kaɗai suka koma hannunsa. Ba a kiransa, shi yake leƙowa. Ya kushe shayin gidan, ya shanye, ya kama aiki.

Gida ɗaya ne ƙafarsa ba ta takawa, gidan Eshmat, maƙwabcinsa na jikin katanga. Tun suna ji da ƙarfi suka ci kwalar juna a kan wanda zai fara jan ruwa zuwa lambunsa, daga ranar ko gaisuwar Sallah ba ta sake haɗa su ba.

Bara, ana tsakiyar tsinkar rumman, shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da Eshmat. Ya juya wa bango fuska, ya daina magana, abinci ma sai an yi da gaske. 'Ya'yansa suna Rasha, lambun nan kuwa shi ne cinsa da shansa, shi da matarsa Zebo. Kan duwatsu ya yi fari da dusar ƙanƙara, kowa ya rufe rumman ɗinsa, na Eshmat yana nan tsaye. Da Zebo ta ambaci sunan maƙwabci, sai ya doki katifa da hannunsa mai lafiya. Ta gane ya gwammace lambun ya mutu tare da shi.

Ita ta ba mu labarin abin da ya biyo baya. Da hantsi sai ga Norkozi da shebur a kafaɗa.

"Maƙwabci, ya hana fa," in ji ta.

"Da bakinsa?"

"Da hannu."

"Ni ba na jin maganar hannu. Buɗe tagar nan, ɗakin ya sha iska."

Ya wuce kai tsaye wurin tsohuwar bishiyar da ke gaban tagar, wadda mahaifin Eshmat ya shuka. Kowa a nan ya san a karkace ake shuka rumman, kuma ɓangaren da ta saba kwanciya nan za ta kwanta har ta tsufa. Wannan kudu ta karkata, ko makaho ya shafa zai sani. Norkozi ya rungume ta ya fara ja arewa. Itacen ya yi ƙara. Zebo ta ɗora hannu a ka. Ya ƙara ja.

Sai ga murya daga taga, da rabin baki, da ƙyar: "Kudu, jakin banza. Kudu take kwanciya."

Norkozi bai ko waiwaya ba. "Au, ashe kana nan? Na ɗauka magada nake yi wa gyara."

"Karya min ita ka gani."

"In ka isa, ci abinci ka fito ka hana ni."

Haka aka jingina Eshmat da matasai a bakin taga, ya wuni yana faɗa: ƙasar ta yi kaɗan, ɗaurin ya yi sako-sako, wa ya koya maka aiki? Norkozi yana ramawa yana zufa cikin sanyi. Da yamma Eshmat ya ce a kawo masa romo. Zebo ta ce a madafa ta tsuguna ta sha kukanta kafin ta zuba. Ba a jima da rufe bishiyar ƙarshe ba dusar ƙanƙara ta sauka. Da bazara aka tone, duk suka miƙe, ban da 'yan ƙananan da ɓera ya ɓarnata.

Aikin lambun nan ne ya ƙarasa kassara ƙashin bayan Norkozi ota. Bana ko sunkuyawa ba ya iya yi, ya jingine shebur.

Kai ne, ota, mai lulluɓe lambun marasa kowa. Bakinka babu daɗi, wallahi, amma muna son ka haka nan. Kai ne ka yarda a kira ka jaki a gaban mace don wani ya sake jin yunwa. Ba wanda ya taɓa miƙewa a taro ya ce maka sannu, to ga ta yau. Mun gode. Allah ya sassauta maka ciwon bayan nan, ya ƙara maka kwana.

Yanzu su biyun suna zaune a bakin katanga suna shan hantsi, har yau ba su shirya a kan zancen ruwa ba. Ku kuma masu ƙarfi da kuka dawo gida bana, ganye ya fara zuba. Ku ɗauki shebur, ku fara da gidan da ba kwa gaisawa.