Ƙaramar Motar Baba Bitrus

A duk ranakun da na yi a bakin aiki, wadda ba ta fita raina ita ce ranar da kwamitin gwanjo ya shigo garejinmu na Yelwa ya sa alli a gilashin motar asibitin Wara. Lokacin jihar Kebbi ba ta daɗe da kafuwa ba. Ni kuma ƙaramin ma'aikaci ne a sashen gyaran bodi da fenti, abin da kuke kira fanel-bita, a ƙarƙashin fomanmu Malam Garba. Motocin hukuma na Yauri da Ngaski da Shanga duk wurinmu ake kawo su.

Ga waɗanda ba su san tsarin ba, idan mota ta tsufa ba foman ke yanke mata hukunci ba. Kwamiti ake turowa daga sama, su duba inji, su leƙa ƙarƙashi, in sun yarda ta gama aiki sai su zana mata alama da alli. Daga nan ta fita hannunmu, sai jiran mai saye.

Motar tsohuwar jif ce fara, mai doguwar baya. Tun da aka kawo ta sabuwa mutum ɗaya ke tuƙa ta, Baba Bitrus, Bakambare daga wani ƙauye kusa da Ngaski. Shi ke kwaso marasa lafiya daga ƙauyukan bakin tafki ya kawo su babban asibiti a Yelwa. A wannan watan ne kuma likitoci suka duba idonsa suka ce ya dushe, ba zai ƙara riƙe sitiyari ba. Aka sallame shi. Direbobi suka so su yi masa walimar bankwana, ya aiko musu da cewa kada su wahala, ai an riga an yi gwanjonsu tare, shi da motar. Ya koma gida Wara ya zauna, ko coci aka ce ya daina zuwa.

Ni kuwa tun ina yaro nake ƙera ƙananan motoci. Da karan dawa na fara kamar kowa, na koma gwangwanin madara, da na shiga gareji na koyi awo sai abin ya zame mini shagala ta bayan aiki. Abokan aiki suna yi mini dariya, wai mai mata da 'ya'ya yana wasan yara. Ranar da na ga allin nan a gilashi, na ƙudurta zan ƙera wa Baba Bitrus motarsa ƙarama, wadda zai riƙe a hannu.

Na sami Malam Garba a ofishinsa na ce, "Maigida, ina neman izini in auna motar Wara kafin a ɗauke ta."

"Ka auna ta ka yi me da ita?"

Na gaya masa. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Umaru, wannan ba aikin hukuma ba ne. Ka yi a lokacin hutunka. Kuma kada in ga ka taɓa fentin gwamnati ko cokali ɗaya."

Na ce na yarda.

Ban kai rabin awon ba mai saye ya iso, wani Alhaji mai cinikin tsofaffin ƙarafa, da mutanensa da kayan yanka. A wurin ya so a farke ta a loda a babbar mota. Na roƙe shi ya dakata har bayan azahar. Ya ce rana na tafiya. Na ce to su fara da inji, su bar mini bodi. Haka muka yi, su suna kwance inji ta gaba, ni ina zagaye motar da tef ina auna ƙofa, tagogi, tsayin rufi, tazarar tayoyi. Da Alhajin ya ji dalilina, sai ya sa aka yanko mini wani yanki na ƙofar baya ya ce in tafi da shi. Da wannan falangen na ƙera jikin ƙaramar motar.

Na mayar da kowace ƙafa ɗaya ta babbar mota inci ɗaya, sai ta fito kamar tsawon hannu daga gwiwa zuwa yatsu. Falangen alminiyam ne, ba ya karɓar dalma, dole na riƙa yanka ƙananan ƙusoshi ina yin ribit da su ɗaya bayan ɗaya. Tayoyi na yanko daga tsohuwar taya, na zana musu haƙora da reza. Gilashi na yi da tsohon fim ɗin hoton ƙirji da aka zubar, na wanke shi har ya yi garau. Sitiyari wayar tagulla ce, fitilu kuma murfin kwalbar allura. Ƙofofi suna buɗewa, tayoyin gaba suna juyawa.

Fenti ne ya fi ba ni wahala. Damina ce, iska da laima, duk shafin da na yi sai ya tashi da ƙuraje. In goge da sanfefa in sake. Matata Hajara ta ce in haƙura haka nan, ai mutumin ba gani zai yi ba. Na ce mata hannunsa zai gani. Na jira rana mai zafi, na shafa siriri siriri har ya kwanta sumul. Da na gama, har masu yi mini dariya suka zagaye ta suna buɗe ƙofa suna rufewa. Malam Garba ya ce kamar yau aka sauke ta daga jirgi.

Ranar Asabar na naɗe ta a zane na hau motar kasuwa zuwa Wara. Na tarar da Baba Bitrus a ƙarƙashin mangwaron gidansa, ya rame. Matarsa, Inna Tani, ta kawo mini ruwa. Bayan gaisuwa na ɗora masa motar a cinya na ce, "Baba, ga motarka na kawo maka."

Ya bi ta da yatsu tun daga bamba har ƙofar baya, a hankali. Ya sake bi. Sannan ya miƙo mini ita.

"Ɗana, ka yi aiki, Allah shi yi maka albarka. Amma wagga ba motata ba ta."

"Baba, da falangenta na yi ta. Awonta ne daidai."

"Na ji. Wagga sabuwa ta. Tawa ta yi aiki."

Inna Tani ta fara ba ni haƙuri, tana cewa tun da ya dawo haka yake, komai ba ya yi masa daɗi. Raina ya sosu, ba zan ɓoye muku ba. Amma ban yi niyyar komawa Yelwa da ita a matsayin abin da aka ƙi ba. Na matso da kujerata na mayar masa da ita cinya na ce, "To Baba, nuna mini inda ba daidai ba."

Ya sake lalube ta. Can ya ɗora babban yatsa a kan madigadin hagu, falangen da ke saman taya. "Nan akwai lotsawa. Wani bijimin sa ya bangaje ni tsakanin Ngaski da Wara, ina ɗauke da wani masunci da maciji ya sara. Ban tsaya ba, don in na tsaya ba za shi kai ba." Ya matsa zuwa rufi. "Nan reshe ya faɗo. Ina bakin tafki ina jiran kwalekwale shi kawo wata mai naƙuda daga tsibiri, iska ta taso. Matuƙin kwalekwalen ya aiko cewa ba za shi iya ƙetarowa ba, na ce ni kuma ba ni tashi. Sai da ruwa ya lafa suka iso." Ya taɓa ƙofar baya ya ce mariƙinta ya karye tun da daɗewa, sakatar ɗakinsa ya cire ya sa mata. Kan giya kuma ba na roba ba ne, shi ya sassaƙa shi da icen maɗaci. Kujerar direba ta karkata dama, don a nan yake jingina.

Duk waɗannan na gan su ranar awo. Sai dai hannuna ya saba, aikina ke nan in fitar da lotsawa, shi ya sa na miƙe su duka ba tare da na yi tunani ba.

Akwai ƙaramar guduma a jakata. Na ciro ta, na ce ya sa yatsa a wurin da bijimin ya buga. Na ɗaga gudumar na kasa saukewa, fentin da na sha wahalarsa nake kallo. Baba ya ce, "Buga mana." Na buga. Ya shafa ya ce ban kai ba. Na ƙara. Ya ce yanzu ya ji ta. Muka koma rufi. Inna Tani ta tsaya da ludayi a hannu tana kallonmu, ta ce rabon da ta ji ya yi magana mai tsawo haka tun kafin a sallame shi.

Sauran aikin sai da na koma da ita Yelwa. Na ƙera sakata da ba ta kai ƙwayar shinkafa biyu ba, tana shiga tana fita. Na sassaƙa kan giya da maɗaci, na karkatar da kujera. Na goge fentin gefen ƙofa har alminiyam ya leƙo, inda gwiwar hannunsa ta cinye shi. Na kwaɓa jar ƙasar hanyar Wara da gam na shafa a ƙarƙashin madigadi. Malam Garba ya gani ya ce na ɓata kyakkyawan aiki. Na ce masa mai ita ne ya ba da oda.

Na yi ta kai da kawowa, kowace tafiya Baba ya tuno wani abu. A ta ƙarshe ya zare sakatar da farce ya mayar, ya yi dariya ƙasa ƙasa, ya ce, "Ita ta." Bai miƙo mini ba. Sai ya tambaye ni ko har yanzu direbobin nan suna maganar walima. Na ce suna jiransa. Ya ce in gaya musu zai zo.

A harabar gareji aka yi walimar, Inna Tani ta riƙo hannunsa, shi kuma yana rungume da motar. Bayan jawabai, Sani, direban da aka ba sabuwar motar asibitin, ya durƙusa gabansa ya ce, "Baba, rafin da ke gaban Ngaski ya kusa tafiya da ni makon jiya. Yaya kake ƙetare shi in ya cika?"

Baba ya sa aka share tebur. Ya ce a shimfiɗa gyale ya zama rafi. Ya ɗora ƙaramar motar, ya karkatar da tayoyin gaba, ya nuna masa yadda ake shiga a kaikaice ana fuskantar inda ruwa ke fitowa, da giyar da ake sawa tun daga gaɓa ba a canzawa a tsakiya, da gefen da dutse yake a ƙasa. Direbobi suka bar abinci suka kewaye teburin. Wannan ya tambayi hanyar Shanga, wancan ya tambayi yashin bakin tafki. Har la'asar yana tura motar yana bayani. Daga ranar, direban da aka tura Wara ba ya wucewa sai ya tsaya ƙofar gidansa ya tambayi hanya, kuma haka suka ci gaba har Allah ya karɓi ransa.

Abin da na ɗauka daga wannan, ku da kuka shigo aikin yanzu, shi ne tef ba ya gaya maka komai game da mota sai tsawo da faɗi. Sauran yana wurin wanda ya tuƙa ta. Tun daga lokacin ban ƙara ɗaga guduma a kan motar da aka kawo mini ba sai na zaunar da direbanta na tambaye shi yadda aka yi, kuma sau da yawa a cikin labarinsa nake gano ciwon da ke ƙarƙashin bodi. Haka nan idan aka sallami dattijo a cikinku, kada ku tsaya a kan jawabi da lemo. Ku je gidansa da tambaya, don akwai aikin da bai gama ba ku ba.