Tantunan da Aka Ƙi Shiga a Ƙasar Gagarawa

Mun tashi da asuba daga Maigatari, ni da wani maƙwabcina, za mu jaje wajen kawuna a wani ƙauye na ƙasar Gagarawa, inda ruwan sama ya rusa kusan rabin gari. Damunar da ta biyo bayan janye tallafin mai ce, don haka kuɗin mota zuwa Gumel kaɗai sai da ya sa na yi salati. A tashar Gumel muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan ya rame, kai ka ce shi ma jaje ya kamata a yi masa.

Daga Gagarawa muka hau babur. Gero duk ya kwanta cikin ruwa. Dab da gari muka hangi fararen tantuna na gwamnati a kan tudu, da barguna da buhunan masara a ciki, amma ba kowa sai mai gadi da awaki.

Na tarar da Kawu zaune a kangon gidansa. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne matar ɗansa, mai jego, ko suna ba a yi ba, tana kwance da jaririnta a gindin bangon da ya rage. Bangon ya tsage, har hannuna zai shige.

Na ce, "Kawu, ga tantuna can ba kowa."

Ya ce, "Kai da karatunka? Je ka dubi masan da suka kafa. Gabas suke kallo. Wanda ya sa ka tsuguna kana fuskantar alƙibla, alheri yake nufinka da shi? Muna barin nan za su turo motar rusau, fili ya zama nasu."

Na je na duba, haka ne kuwa. Mai gadin wurin ya ce ma'aikata sun bi layin hanya ne kawai suka jera su, ba su tambayi kowa ba. A kan wannan kuskure gari ya ɗora sauran magana, har ana cewa an barbaɗa wa bargunan maganin hana haihuwa.

Na yi ta roƙon Kawu, ya ƙi. Bayan azahar hadari ya haɗo, ƙasa ta ɗan zubo daga bangon a kan zanen da aka lulluɓe jaririn da shi. Goggo, matar Kawu, ta ajiye itacen ruwan wanka, ta ɗauki yaron.

"Tashi, 'yar nan. Malam, ka tsare filinka, ni zan tsare jikana."

Ba su kai tudun ba muka ji rugugi. Bangon ya zo ƙasa a kan tabarmar da suka bari. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!

Kawu ya daɗe yana kallon wurin, sannan ya sa 'ya'yansa suka ɗauki diga suka je suka juya masan arewa. Kafin la'asar mata da yara sun fara hawa tudu. Shi kuwa ya shimfiɗa buzunsa a kangon, ya ce ba inda za shi.

Mun dawo gida lafiya, alhamdulillahi. Abin da na gane shi ne, da mai kawo agaji ya tsaya ya tambayi ina gabas take, da jaririn nan bai kwana a gindin bangon ba.