Reshen Masar

Shekarar da kawuna ya tsaya takarar magajin garinmu a Nijar, ina unguwar Madinat Nasr a Alƙahira ina fama da nahawu. Ba wanda ya naɗa ni, amma na wayi gari ina kiran kaina shugaban kamfen reshen Masar. Reshen kuwa daga ni sai wayata.

Abin dariyar, ko a gida nake ba ni da ta cewa, don a wajenmu kansiloli ne ke shiga ɗaki su zaɓi magajin gari. Duk da haka na manna hoton kawu a ƙofar firji.

Firjin namu ne mu biyu, ni da abokin zamana, ɗan garinmu, wanda tun saukarmu Alƙahira kwano ɗaya muke ci. Abokin hamayyar kawu kuwa surukin yayan abokin nawa ne. Washegari na tarar da hoton gwaninsa a saman nawa.

Daga nan muka zare. Ni da ban taɓa kwashe kwatar ƙofar gidanmu ba, na zama masanin magudanan ruwa, ina zana masa su da yatsa a kan tabarma. Muka raba tukunya, muka raba yaji. Rannan da musu ya yi zafi, na ce danginsu ko akuya aka ba su kiwo sai ta ɓata.

Ya dube ni ya ce, "Khalas, ɗan'uwa. Ya isa." Kafin Juma'a ya kwashe littattafansa ya koma unguwar Ainu Shams.

Ranar zaɓe na ci ado, na zauna ina jiran nasara. Sai ga saƙon innata: kawu ya janye, ya karɓi kujerar mataimaki. Har da hotonsu, shi da abokin hamayyar, sun rungumi juna suna washe baki. Kunya ta rufe ni, kewar abokina kuma ta fi kunyar ciwo.

Na hau jirgin ƙasa na metiro na nufi Ainu Shams, ina ta shirya barkwancin da zan buɗe baki da shi. Ya buɗe ƙofa da fara'a.

"Ma'alish, yi haƙuri, mutumina," na ce, "su can sun shirya."

"Tamam, Malam. Bismillah, shigo."

Bai taɓa ce mini Malam ba. Ya shimfiɗa mini darduma, ya kawo abinci a faranti, da cokali, ya ajiye a gabana. Sannan ya ja gefe ya zauna, yana tambayata ya karatu.