Sitiyarin da Aka Ba Nasiru

Ranar Juma'ar da ta biyo bayan Babbar Sallah, shekarar da nake aji biyar, na tsere wa duk yaran layinmu a gangaren unguwarmu ta Hindawiyya, a nan ƙasa mai tsarki. Motar tamu katako ce da ƙananan tayoyin ƙarfe da muka tsinto a bayan gareji, igiyar shanya ita ce sitiyari. Na sha kwanar shagon mai burodi ko ƙafa ban ja a ƙasa ba, mayafina yana tashi a baya. Da ƙanena Nasiru ya karɓa kuwa, kwandon shara ya je ya runguma. Ashe Baba yana jingine da tasinsa yana kallonmu. Na nufe shi ina haki, ina jiran yabo. Ya dube ni ya girgiza kai ya ce, "Ya binti, 'yata, da ma ke namiji ce." Sai ya ɗaga Nasiru, majina har baki, ya ɗora shi a cinya, ya aza hannuwansa a kan sitiyarin gaske.

Daga ranar aka raba mana hanya. Da la'asar Baba da Nasiru su nufi wani fili a hanyar Jidda koyon tuƙi, ni kuwa in tsuguna gaban tulin kwanoni, don Umma tana dafa wa alhazan unguwar Misfala tuwo da miyar kuka. In na hau saman bene kwashe shanya sai in hango tasin tana fita lungu, kan Nasiru da ƙyar yake leƙowa ta taga. Ya dawo yana zuba mini labarin giya da birki, in ce ya tafi can ya ba kwandon shara labari, alhali kunnena kaf yana wajensa. Ba wanda ya cuce ni da gangan. A lokacin mace ba ta tuƙi a ƙasar nan, Baba kuma bai ga amfanin koya wa 'ya abin da ba za ta yi ba. Sanin haka bai rage mini haushi ko kaɗan ba.

Yaron nan kuwa ya tafi da nisa. Ya fara da ƙananan motocin tsere na yara, ya koma irin motocin gida da ake yi wa gyaran gudu, waɗanda suke gogar juna a kwana. Daga nan ya shiga dogon tsere na yini da kwana, inda direbobi suke karɓa-karɓa da mota ɗaya, kowa ya lallaɓa ta ya miƙa wa ɗan'uwansa lafiya. Cikin ruwan sama ya tuƙa, cikin rairayi ma ya tuƙa, kowace mota aka ba shi sai ta bi shi. Wallahi ya iya, ba zan ɓoye ba. Ina kallonsa a waya ina roƙon Allah Ya tsare shi, amma da ya sha kwana mai kyau sai wani abu ya tokare ni a ƙirji. Kishi ne, ba shi da wani suna.

Na samu lasisina ne bayan furfura ta fara leƙo mini. Tun da idanun Baba suka yi rauni ni nake kai shi asibiti, ina ratsa cunkoson unguwar Jarwal tsakanin manyan motocin alhazai, ko sau ɗaya bai taɓa kama ƙofa don tsoro ba. Kwanan baya likita ya tambaye shi sana'arsa ta da. Ya gyara zama ya ce tuƙi ne, ya ƙara da cewa, "Ɗana ne ya gaje ni, yana can Turai." Ina tsaye a gefensa, makullin mota a hannuna.

Yanzu nakan ga 'yan mata a titi suna koyon tuƙi, iyayensu maza a gefe suna nuna musu hanya. Ina taya su murna, nakan kuma rage gudu in bi su da kallo har su ɓace. An buɗe mini hanya, amma bayan shekarun guduna sun wuce.