Na Bar Ɗana A Ƙofar Sinima

Lokacin ina yarinya mai goyon fari, 'yar Sandamu da aka kawo aure Daura, karatuna bai wuce firamare da Islamiyya ba. Ana cikin ɗokin ƙaddamar da shari'ar Musulunci maigidana ya samu karatun likitan dabbobi a wata ƙasar Turai mai tsananin sanyi, ya tafi da mu. Ban san ko kalma ɗaya ta yarensu ba. Kowa ya yi min magana, sai in gyaɗa kai.

Akwai wata tsohuwa maƙwabciyarmu mai kirki. Wata rana da hantsi ta yafito ni, na tura keken jaririna na bi ta, ina zaton kasuwa za mu. Ashe sinima ce, wurin da a gida ko sunansa matar aure ba ta ambata. A bakin ƙofa na ga kekunan jarirai jere cikin sanyi da jariran a ciki, iyayen sun shige. Haka al'adarsu take, wai barcin waje ƙarin lafiya ne. Tsohuwar ta gyara wa ɗana bargo, ta ja hannuna. Wallahi raina bai so ba, amma ɗan fari ne, kuma mu an hore mu kada mu nuna damuwa da ɗan fari gaban manya. Kunya ta sa na bi ta.

Fim ɗin babu waƙa, babu rawa. Wata mata ce kawai ke feraye dankali tana kallon taga, shiru kamar gidan makoki. Ni kuwa kunnena na waje. Can wata ma'aikaciya ta leƙo cikin duhun ta yi magana da ƙarfi, ta maimaita. Mata suka waiwaya, babu wadda ta tashi. Na dubi tsohuwar, ashe ta yi barci. Nonona ya fara zuba, amma na kasa motsi. Da ma'aikaciyar ta sake dawowa muryarta a sama, sai na zabura na fita.

Keken na nan, babu yaro. Na riƙa tare mutane ina tambayarsu da Hausa, ina nuna bargon, suna ja da baya. Ga shi maigidana bai san na fito ba. Na durƙushe ina salati, sai ma'aikaciyar nan ta ɗago ni ta kai ni wani ɗaki. Ga ɗana a hannun wata, ya yi kuka har muryarsa ta dushe. Ashe tun ɗazu uwarsa ake cigiya, ina zaune ina kallon dankali.

Da na faɗa wa maigidana, bai yi faɗa ba. Cewa ya yi laifinsa ne da ya ajiye ni kamar kurma, washegari ya kai ni ajin koyon yaren. 'Yan'uwana mata, kunya adonmu ce, amma kada ku gyaɗa kai ga abin da ba ku gane ba. In hankalinku bai kwanta ba, ku goya ɗanku ku juya, ko gaban wa kuke.