Butar Shayin Koci Haladu

Ban taɓa mantawa da ranar da aka buɗe sabon filin ƙwallonmu ba, a watan Oktoban 2022, kuma har yau idan na tuna ta sai raina ya ɓaci. Ku da kuka kama aiki bayan gasar kofin duniya kun sha tambayata labarin tsohuwar butar shayin da ake fitowa da ita tsakiyar fili duk shekara. Na daɗe ina kauce wa tambayar, don ba na son in faɗi abin da zai taɓa wani. Yau zan faɗi iya abin da na gani da idona, inda kuma ban tabbata ba zan gaya muku.

Na zo Doha a 2018 a matsayin mataimakin jami'in wasanni na wannan ƙaramar kwaleji tamu ta fasaha. Shi ne muƙami mafi ƙanƙanta a ofishin. A samana akwai koci, a saman koci kuma akwai shugaban sashen harkokin ɗalibai, wanda kowa ke kira Mudir. Aikina shi ne neman mota ranar wasa, kula da rigunan 'yan wasa, da buga katin shiga ga duk wanda zai taka fili.

Kocin da na tarar shi ne Malam Haladu, mutumin Haɗejiya. Ya zo a matsayin malamin motsa jiki tun kwalejin ba ta da ko raga ɗaya. Shi ya bi aji aji yana tattara yara, 'yan Sudan da 'yan Masar da 'yan Indiya da namu 'yan Najeriya, yana kwasarsu zuwa wani fegin yashi a bayan wata gona a Umm Salal. Can suka fara karawa da wata kwalejin koyon aikin jinya, wadda kocinta, Mumuni, ɗan Zangon Kumasi ne. An ce ranar wasan farko babu kofin da za a ba wanda ya ci, sai butar da Malam Haladu ya zo da ita don dafa wa yara shayi. Mu muka ci ranar. Sai ya miƙa wa Mumuni butar ya ce, “To, zuba mini, tunda ƙwallo ta gagare ka.”

Daga nan abin ya zama doka. Butar tana zama a hannun wanda ya ci. Idan shekara ta zagayo, kafin a take ƙwallo, kocin da aka cinye a wasan baya shi zai dafa shayi, ya zo tsakiyar fili, ya zuba wa wanda ya cinye shi a gaban kowa. Mutanen nan biyu ba su taɓa shiri ba. Sun yi rigima a kan alƙalin wasa, sun yi a kan shekarun 'yan wasa, har an taɓa raba su a bakin mota. Ban taɓa jin ɗayansu ya yabi ɗaya ba.

Wasan ƙarshe kafin annobar korona, a ƙarshen 2019, su suka ci mu. Butar ta tafi wurin Mumuni, bashin zuba shayi kuma ya hau kan Malam Haladu.

Sai aka rufe makarantu a farkon 2020. Bayan 'yan watanni Mudir ya kira taron sashe ta bidiyo, ya ce an dakatar da wasanni, saboda haka babu buƙatar koci. A gabanmu duka ya faɗa, ba tare da ya kira dattijon gefe ba. Malam Haladu ya ce, “Mudir, ƙungiya ba kantin makaranta ba ce da za a sa wa kwaɗo. Yaran nan suna kulle a ɗakuna, yanzu ne ma suke buƙatata.” Ina zaton wannan maganar ce Mudir bai yafe ba, amma zato ne kawai, Allah ne masani. Malam Haladu ya samu wani kafil, wato ubangidan da ke tsaya wa baƙo kan izinin zama da aiki, ya koma tuƙa motar ma'aikata tsakanin Lusail da masaukinsu. Duk da haka, na san cewa kowace asuba yana tura wa yaran saƙon murya a waya: yau ku yi tsalle kaza, ku zagaya ɗaki, kada wanda ya yi mini tumbi. Ba wanda ya sa shi.

Da gasar duniya ta matso, kowace makaranta a garin nan ta tuna tana son ƙwallo. Aka shimfiɗa mana fili mai ciyawa, aka ɗauko sabon koci daga Turai, saurayi mai takardu, kuma ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Aka ce wasanmu da 'yan jinya shi zai buɗe filin, manyan baƙi za su zo. Mudir ya ba ni aiki biyu. Na farko, in rubuta tarihin ƙungiya da za a kafa a allo a bakin ƙofa. Na biyu, in sanar da Mumuni cewa an sayi kofin gilashi, ba a buƙatar buta.

Na rubuta tarihin kamar yadda na san shi, na kai masa. Ya ja layi a kan duk abin da ya faru kafin 2021.

“Wannan labarin yashi da gona ne,” in ji shi. “Baƙinmu ba shi suka zo karantawa ba.”

Na ce, cikin ladabi iya yadda zan iya, “Ranka ya daɗe, wataƙila ko sunan wanda ya kafa ƙungiyar a bari, layi ɗaya.”

“Ba ma'aikacinmu ba ne yanzu. Khalas, magana ta ƙare.”

Bari in yi wa waɗanda ba su san tsarin ba bayani. A lokacin ba mai shiga fili sai da kati a wuya, kuma katin iri huɗu ne: na 'yan wasa da kocinsu, na manyan baƙi, na ɗalibai, da na masu hidimar abinci. Ni nake bugawa, amma sai Mudir ya sa hannu. Na nema wa Malam Haladu katin baƙo, aka hana. Na sake nema bayan kwana biyu, na canza yadda na tsara maganar, aka sake hanawa. Karo na uku Mudir ya dube ni ya ce, “Direban bas kake so in zaunar kusa da shugaban kwaleji?” Sai ya tambaye ni yaushe kwantiragina zai ƙare. Na fahimci tambayar. Na fita, ban san ko tsoro ne ya fi yawa a raina ko haushi ba. Mutumin da ya auna fili da ƙafarsa a cikin zafin Umm Salal, yau shi ne abin kunya.

Na buga wa Mumuni waya na isar da saƙon kofin gilashi. Sai ya ce, “Kai yaro, wa zai zuba mini shayina?”

Na ce ba za a yi shayi ba bana.

“Tsohon fa?”

Na ce ba a gayyace shi ba. Ban ƙara komai a kai ba. Ya ce to, ya kashe waya.

Ranar wasa, bayan la'asar, motar 'yan jinya ta iso. Ina tsaye a ƙofa ina duba kati sai na ga Malam Haladu ya sauko a bayan Mumuni, cikin farar shadda da hula, riƙe da ɗan murhun gas. Ashe Mumuni ya biya ta unguwar Al Muntazah ya ɗauko shi daga gida. Mai gadin ƙofar, wani Bakatsine da ya san shi shekara da shekaru, ya sunkuyar da kai ya ce, “Baba Koci, ka yafe ni, wallahi ba ni da ikon barinka ba kati.” Dattijon ya ce, “Yi aikinka, ɗana,” ya koma jikin katanga ya tsaya.

Mumuni kuwa ya nuna katinsa. Ya wuce da butarsa har tsakiyar fili, ya dire ta a kan ɗigon da ake ajiye ƙwallo, ya zauna dirshan a ciyawa. 'Yan wasansa suka zauna a bayansa, ba wanda ya ɗaura takalmi. Baƙi sun cika rumfa, kofin gilashi yana ta ƙyalli a kan tebur, alƙalin wasa yana duban agogo. Mudir ya yafito ni, muka tafi tare.

“Yalla, Koci, lokaci ya yi,” in ji Mudir.

“Ina jiran shayina.”

Mudir ya yi murmushin dole ya ce idan shayi ne, ga sabon kocinmu, zai zuba masa. Mumuni ya ɗaga kai ya ƙare wa saurayin kallo.

“Wannan ban ci shi ba tukuna. Ni ba ni shan shayin wanda ban ci shi ba. Shekara uku ina goge butar nan ina jira. Ku kawo mini wanda na ci, shi nake bi.”

Da aka fassara wa sabon kocin abin da ake ciki, sai ya ce shi ma bai ga dalilin da zai karɓi kayen da ba nasa ba, ya je ya zauna kusa da Mumuni. A rumfar ɗalibai kuma tsofaffin 'yan wasanmu sun hango wanda ke tsaye a jikin katanga, suka fara kiran “Ko-ci! Ko-ci!” Na ga shugaban kwaleji ya karkata yana tambayar na kusa da shi. Mudir ya matso kusa da kunnena ya ce, “Shigo da shi. Ba shi katin masu abinci, ai shayi zai zuba.”

Wannan ne wurin da har yau yake ci mini rai. A aljihuna akwai katin baƙi da ba a rubuta wa suna ba, kuma Mudir ya san da su. Ya zaɓi wancan da gangan, ko aƙalla haka na gani. Na je ƙofa da katin a hannu, na kasa ɗaga ido. Na fara cewa, “Baba, wannan ba daga ni...” Ya karɓa, ya karanta, ya rataya a wuyansa a kan farar shaddar.

“Sagiru, bar damuwa. Ai gaskiya suka rubuta, hidima na yi musu.”

Ya taka ciyawar a hankali kamar mai gwada ta. Ya kunna murhu a gefen fili, ya dafa shayinsa da madara da citta, duk jama'a suna jira, bai yi gaggawa ba. Sannan ya zo ya durƙusa da gwiwa ɗaya, ya zuba, ya miƙa.

Mumuni ya kurɓa ya yamutsa fuska. “Sukari ya yi kaɗan. Har shayi ma kun koma baya? Ƙasarmu ta hana Najeriya zuwa kofin duniya, ga shi an kore ka daga aiki, me ya rage maka, Tsoho?”

“Ɗan Zango, sha ka yi shiru. Ku da kuka zo, wasa uku za ku yi ku nemi jirgi.”

“Mu dai mun zo da tikiti. Kai da katin masu abinci ka shigo.”

“Kai kuma shekara uku kana wanke mini buta, ko sisi ban biya ka ba.”

Mumuni ya tuntsire da dariya har shayin ya zube masa a riga. Ya miƙe, ya kama hannun dattijon, ya ja shi zuwa bencin 'yan jinya, ya zaunar da shi a kujerarsa. A can Malam Haladu ya kalli wasan, a bencin abokan hamayya, yana yi wa yaranmu ihu suna juyowa suna bin umarninsa.

An sake cin mu ranar. Mumuni ya karɓi kofin gilashi ya miƙa wa direbansu, ya rungumi butarsa. Sabon kocinmu, da ya gane cewa baɗi shi zai durƙusa, ya sa na raka shi wurin Malam Haladu don ya koyi yadda ake dafa shayin. Dattijon ya dube shi ya ce, “Gaya masa ya zo gida ran Juma'a. Zan koya masa yadda ake cin Mumuni, sai ya huta da dafa shayi.” Ya kuwa je, kuma iya sanina har yanzu yana zuwa.

Allon yana nan a bakin ƙofa, kuna wuce shi kullum. Tarihinmu a jikinsa ya fara ne daga 2021. Mudir ya bar aiki, na rubuta wa wanda ya gaje shi sau biyu a gyara, an ce ana dubawa. Ba na son in yi wa kowa mummunan zato, amma na gaji da jin ana dubawa.

Abin da na koya a wannan sana'a shi ne, ofis yana tuna mutum ne muddin sunansa na cikin ma'aikata, amma wanda ya sha wuya a hannunka ba ya mantawa da kai. Mu da muka ci moriyar Malam Haladu mun bar shi a jikin katanga, wanda ya shekara goma sha wani abu yana zaginsa shi ya zauna a ciyawa ya hana a take ƙwallo. Saboda haka idan aka ba ɗayanku aikin buga kati a wasan baɗi, ya fara da na dattijon, ya rubuta Koci a jiki. Idan an tambaya, ku ce ni na ce, zan amsa.