Zauren da Baba Bai Gani Ba

Baba ya gina gidajen mutane da idonsa biyu, amma nasa zauren da lalube ya gama shi. Lokacin da ya samu sararin gyara ƙofar gidanmu, yanar ido ta riga ta rufe masa gani, ba ya rarrabe komai sai haske da inuwa. A haka ya hau tsani ya yi wa gaban zauren zane da yatsunsa tun yaɓen yana ɗanye, ƙanena yana binsa da fenti yana shafa launin da ya ga dama inda aka ce ya shafa. Mutane suka riƙa zuwa kallo daga ƙauyukan bakin gulbi, har da na cikin Maradun. Kowa ya gani ban da mai shi.

Ni a lokacin ina gidan miji a Bakura. Auren ya mutu, kuma ba zan ɓata bakina a kansa ba. Na dawo gida na tarar ba a zancen komai sai na madatsar ruwa ta Bakolori. An ce an gama madatsar, a daminar nan ruwa zai dawo baya ya shanye ƙauyenmu. Aka nuna mana wani tudu mai tsakuwa aka ce nan ne sabon gari. Kowa ya shiga cire ƙyaure da azara daga gidansa, don ko ba komai itace ba ya tsiro a kan tudun nan. Ranar da yayana ya zo da samari za su yaye rufin zauren, suka iske Baba zaune a bakin ƙofa da sandarsa a cinya.

"Ba mai taɓa wanga zaure sai na gan shi," ya ce.

Takaici ya sa na yi dariya. Shekara da shekaru ana roƙon mutumin nan ya je a duba idonsa, yana cewa shi ba za a sa masa wuƙa a ido yana da rai ba. In ka ji ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Yanzu da ruwa ya kama hanya, shi ne yake neman a kai shi Zariya, inda aka ce ana cire yana. Yayana yana fama da ginin sabon gida, ƙanena mai fenti ya tafi neman kuɗi Ikko, sai ni bazawarar da ba ta da aikin yi. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana, kuma in ya ce Uwata ba na iya cewa a'a.

Mota ta kai mu Gusau, muka shiga jirgin ƙasa. Ban taɓa shiga ba sai ranar. Ga buhuna, ga kaji a kwando, ga wata mata da ta ɗora mini ɗanta a cinya ba ko sannu. Na sa Baba kusa da taga, ko da yake tagar ba ta da amfani a gare shi. Jirgi bai gama fita gari ba ya fara.

"Mi kika gani, Uwata?"

"Gero."

"Sai mi?"

"Gero dai, Baba. Ƙasar Allah duk gero ce."

Kafin mu isa Funtuwa hadari ya haɗu, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Wani fasinja mai son magana ya ce ai gulbin da ya bi ta Maradun daga nan yankin yake tasowa. Da ma ya haɗiye zancensa. Baba ya miƙa hannu ta taga, ya tari ruwan, ya ce duk wannan ƙofar gidansa za shi. Daga nan bai sake tambayata abin da na gani ba har muka sauka.

A asibiti muka tarar da masu ciwon ido kamar an yi gayya. Aka duba Baba, aka ce yana ce, za a cire, amma sai layi ya zo kansa. Muka nufi cikin birni, gidan da ya koyi gini yana saurayi. Maigidansa ya daɗe da rasuwa, sai ɗansa, wani dattijo mai dariya da yawa wanda suka taka ƙasar gini tare da Baba tun suna samari. Ya karɓe mu hannu bibbiyu, yana tsokanar Baba wai Bazamfare ya zo satar sana'a karo na biyu.

Zaman jira ya ishi Baba, ya ce in riƙa zagayawa da shi. Da farko ina yi ina ƙunƙuni. Muka bi gindin ganuwa, jar ƙasa ce ta tsufa har itatuwa sun fito a kanta. Muka shiga lunguna, wani in ka haɗu da jaki sai ɗayanku ya koma da baya. Amma gidajen, gaskiya ban taɓa ganin irinsu ba. Wannan shuɗi da fari, wancan kore da ruwan ɗorawa, wani ja har yana ɗaukar ido, kowanne gabansa cike da zane daga sama har ƙasa, ruwan damina ya wanke su tas. Baba yakan tsaya ya ɗora tafin hannunsa a bango, ya bi zanen iya inda hannunsa ya kai, sannan ya ce in faɗa masa sauran.

"Yana da kyau," na ce.

"Kyau ba launi ba ne. Ke wace irin mai ido ce? Fara daga zanko."

Zanko shi ne ƙahon nan da ke tsaye a saman kusurwar soro. Ya koya mini in fara daga can, in sauko a hankali, daga dama zuwa hagu kamar mai karatun allo. Kafin a jima na ƙware. Sai in ce zanko fari ne, ƙasansa sarƙa shuɗiya, a tsakiya dagi kore, takubba biyu sun tsare ƙofa. A wani gida na ce masa ga keke an zana, da ƙafafunsa da komai. Ya yi dariya har da tari, ya ce yaran yanzu ba su da kunya. Wannan ce kaɗai dariyar da na ji ya yi a garin.

Don kullum da la'asar sai hadari ya taso, kuma da Baba ya ji tsawa sai ransa ya ɓaci. Wata rana na haɗu da wani ɗan Mafara mai sayar da albasa a kasuwa, ya ce mini ruwa ya kai gindin tsamiyar da ke bayan masallacinmu. Bakina ba ya riƙe magana, ina komawa na faɗa. Baba ya ture tuwon da aka kawo masa. Na ji haushinsa, na ji haushin layin asibitin, na ji haushin gidajen nan masu kwalliya da ba wanda ya ce zai sakar musu gulbi. Na shiga ɗaki na yi kukana.

Daga baya layi ya zo. Aka yi aikin a ido ɗaya, aka naɗe. Ranar da aka kwance, aka sa masa tabarau mai kauri kamar gindin kwalba, ya dube ni ya daɗe.

"Ashe kin tsufa, Uwata."

"Kai ka tsofar da ni," na ce, hawaye na zuba.

Likita ya ce ya huta, kada a jijjiga shi. Mai masaukinmu ya ce to yanzu sai a sake zagaya birni, a ga abin da aka sha shafawa. Baba ya ƙi. Ya ce ba zai cika sabon ido da bangon wasu ba, nasa zai fara gani. Ya jawo rawani ya rufe gefen fuskarsa, muka ratsa lungunan nan duka kansa a ƙasa, ina jansa kamar yadda na kawo shi. A jirgi ma ya ce ni in zauna a taga.

Yayana ne ya tare mu a Maradun. Ya yi wa Baba barka, ya tambayi hanya, ya sake tambayar hanya, ya ƙi kallon kowa. Muka taka zuwa ƙauye, sai hanya ta ƙare a cikin ruwa. Ruwa ne shimfiɗe har inda ido ya tsaya, kawunan itatuwa suna leƙe. Yayana ya nuna wani wuri da ba shi da bambanci da sauran, ya ce nan ne. Ginin ƙasa ba ya jira ruwa ya rufe shi, da ruwa ya lashi gindinsa sai ya durƙusa. Ya ce ranar Juma'ar da ta wuce ya faɗi, azarar ma ba a samu ba.

Baba ya tsaya yana kallon wurin da sabon idonsa. Can ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Uwata, faɗa mini. Fara daga zanko."

Na shiga laluben zanen a kaina. Ina iya kawo masa gidan mai keke daga sama har ƙasa, ina iya kawo na takubba. Namu kuwa, wanda na riƙa ratsawa safe da yamma da tulu a ka da baƙin cikin aurena a zuci, abin da na riƙe kawai akwai shuɗi a ciki. Na dubi yayana, ya ce yana jin akwai dagi.

Baba bai yi faɗa ba, da ya yi da na fi jin sauƙi. Ya cire tabarau ya miƙo mini, ya tsuguna a bakin ruwa, ya share laka da tafin hannu. Ya rufe idonsa, har wanda aka gyara, ya sa yatsa. Ya fara daga zanko. Hannun bai yi gardama ko sau ɗaya ba, ya sauko da sarƙa, ya ɗaure dagi, ya zagaye ƙofa da wasu ganyaye da na rantse ban taɓa lura da su ba. Da ya gama ya karɓi tabarau ya sa, ya daɗe yana duba abin da ya zana.

"To, ga shi na gani," ya ce. "Saura launi. Wanne ne a ina?"

Ni da yayana muka tsaya a kansa, kowa yana kallon ɗan'uwansa.